Goɗiyar Pantelei

Ranar da aka yi wa 'yar ƙanwata baftisma
a ƙauyenmu na bakin kogin Răut,
tebur uku muka jera a tsakar gida,
na tsakiyar yana ɗingishi saboda nauyin abinci.
Kawu Anatol sai sauka ɗakin ƙasa yake
yana hawowa da tulu, gashin bakinsa jajir.

Na ce masa da mota na zo.
Ya ce, to motar ce za ta sha?
Inabin nan ubanka ya dasa da hannunsa,
in ka ƙi shi, kabarinsa ka juya wa baya.
Aka yi dariya. Har da ni.

Kofin farko don jaririya.
Na biyu don mai jego.
Na uku don waɗanda suka riga mu, wa zai ƙi matattu?
Na huɗu ban san don wa ba,
na dai san na miƙe na yi jawabi
har Goggo Profira ta share ido da bakin ɗankwali.

Sha ɗaya na dare Zinaida ta kama hannun rigata:
mu kwana, akwai gado a ɗakin baya.
Na ce kilomita tara ce fa,
hanyar da na bi da keke tun ina ɗan bakwai,
ko ido rufe na kai mu gida.
Ta dube ni, ta saɓa yaronmu, ta koma ciki.
Na fita ni kaɗai, ina fushi, ina fito.

Kwanar da ke bayan rijiya.
Wani abu fari, sai ƙara,
sai shirun da har yau nake ji a haƙorana.
Tsoho Pantelei zaune a cikin rami,
itacensa warwatse a kan kwalta,
da ransa, goshi kawai ya fashe.
Goɗiyarsa ce ke ta son tashi
a kan ƙafafun da suka daina zama ƙafafu.
Yana kiranta a hankali, Steluța, Steluța,
kamar mai tashin yaro ya tafi makaranta.
Kafin gari ya waye aka nemo mai bindiga.

Da safe kowa ya zo da uzuri a hannu
kamar masu dubiya da kwanon miya.
Wani ya ce hazon kogi ne.
Wani ya ce keken doki ba fitila, laifin wa?
Goggo ta ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa.
Kawu ya tsaya a ƙofa, hula a hannu:
ni na zuba maka, ɗana, a kaina yake.

Na so in karɓa, Allah ya sani.
Laifi tudu ne, na kusa taka nawa in hango nasa.
Amma Kawu tulu ya karkata,
ni na ɗaga gwiwar hannu sau huɗu.
Makullin a aljihuna ya wuni.
Ba wanda ya murɗa shi sai waɗannan yatsun
da nake rubutu da su yanzu.

Kotu ta karɓe lasisina, na biya tara.
Wannan mai sauƙi ne, takarda ce.
Na kai wa Pantelei kuɗin doki, ya ƙirga, ya ajiye,
bai saya ba.
Ya ce shekara goma sha shida tana gane takunsa,
a wace kasuwa ake sayar da wannan?

Duk Asabar ni nake turo masa itace a baro,
tun daga bakin daji har ƙofarsa.
Ba ya godiya, ba ya zagi.
Wani lokaci ya ba ni tuffa.

Bara an yi auren ɗan Anatol, masu goge har asuba.
An mayar mini da lasisi, da mota na je.
Da tulu ya iso kaina na kife kofin.
Kawu ya buɗe baki zai ambaci ubana,
ya dubi hannuna a kan gindin kofin,
ya wuce na gaba.