Buhu Ashirin da Biyar

A Daleko, ruwa na dukan kwano.
Lasisi ya rantse buhunsa kilo hamsin ne.
Kafaɗata ta ce da sauran magana.

Zulai ta dawo daga Akoka da jiƙaƙƙen littafi.
"Baba, mu ɗauka gaskiya ya faɗa
har sikeli ya ƙaryata shi.
Injin ɗura shinkafar mun san halinsa:
kilo guda sama, kilo guda ƙasa."

Muka jawo ashirin da biyar,
na gaba, na ƙurya, na inda ɓera ke kwana.
Ta tara, ta raba:
arba'in da tara da ɗigo takwas.

Na zabura zan kira shi.
Ta riƙe hannun rigata.
"Taki ɗaya kacal ya kauce.
Sai an kai biyu ake ɗaga murya,
ko a nan, cikin ashirin, akan zalunci guda."

"To, mai gaskiya ne ke nan?"
"Ban ce ba. Na ce ban kama shi ba."

A titi danfo na ta ham.
Na zauna kan buhu na ashirin da shida,
wanda ba mu auna ba.