Idon Ɗaki

Ni ne mai riƙe bakin tef.
Anti Tasalla tana ja, ina dannewa da babban yatsa,
ta ce ƙafa sha takwas, in rubuta a tafin hannu
don takardarmu ta jiƙe tun a hanya.

Gidan a Maitama yake. Mai shi yana ƙetare,
ko tarinsa ba mu taɓa ji ba.
Falo uku, in ka yi sallama a ɗaya
muryarka ce za ta dawo ta amsa maka.

A nan na fara jin wai ɗaki yana da ido.
"Sagiru, tsaya bakin ƙofa. Ina kallonka ya fara sauka?
To nan ne idon ɗaki. Shi ake soma yi wa kwalli,
sauran kaya 'yan rakiya ne."

Launi kuwa rabon gado take yi masa.
Kashi sittin na bango, ruwan madara,
talatin na kujeru da labule, ruwan ƙasa,
goman da ta saura a ba wa ja,
kamar barkono a miya: harshe ya ji, ido kada ya kawo ruwa.

Labule a ɗaga shi har ya kusa taɓa silin,
gajeren ɗaki sai ya miƙe tsaye.
Madubi ya dubi taga, ya ranto haske ya biya ninki.
Mai santsi yana son mai kaushi kusa da shi,
shi ya sa ta kife faifai a kan teburin gilashi.
Ranar da na cika kusurwa da tukwanen fure huɗu
ta kwashe uku, ko kallona ba ta yi ba.
"Bar wa bango wurin numfashi.
Sarari ma kaya ne, kuma shi ya fi komai tsada a garin nan."

Ba ta yi ƙarya ba.
Da magariba na shiga motar Gwagwa, mu huɗu a baya,
gwiwata a cinyar wani, gwiwar hannun wani a haƙarƙarina.
Ɗakinmu ƙafa goma ne da tara, na auna,
tef ɗin a aljihuna ya kwana.
Ni da Ɗanjummai, katifa ɗaya, risho, jarka biyu,
fanka mai fiffike biyu da ta daina juyi tun bara,
kalanda uku a kan juna, ba wadda ta san shekarar da muke ciki.

Na tsaya bakin ƙofa kamar yadda aka koya mini.
Idon ɗakinmu bokiti ne,
shuɗi, a tsakiya, yana tarar ɗigon kwano.

Sati biyu ina tsince-tsince.
Gindin galan na fenti, wanda burushi ya raina.
Ƙyallen labule yadi ɗaya da rabi, na kafa ƙusa can sama.
Rabin madubin wadirob da aka ce in zubar.
Fanka ta bi 'yan gwangwan, kalanda ta hura wuta.

Ɗanjummai ya dawo daga gini, siminti har gira,
ya tsaya, ya koma ya duba lambar ƙofa.
"Fili aka ƙara mana? Rufa asiri,
kada mai gida ya ji ya ƙara haya."

Bokitin ne ya gagare ni.
Ba ni na zaɓa masa wuri ba, rufi ne ya zaɓa.
Sai na tuna tukwanen nan uku.
Ɗaya ta tsage a gefe, Anti ta ce in tafi da ita.
Na janye bokiti, na zaunar da ita a gurbinsa.

Yanzu in hadari ya haɗo daga wajen Zuba
ba ma tashi neman abin tara.
Muna kwance, muna jin ɗigo yana sauka a ganye.
Jiya ta fitar da fure ɗaya, ja.
Na ƙirga da ido: bai kai kashi goma ba,
amma ban gaya wa Anti Tasalla ba.