Tsamin Jinin Cibiya

Asibitin Kiyawa, gab da asuba,
ɗan Lantana ya faɗo shiru.
Leɓe kamar an shafa shuni.

Hansai ungozoma ta matse cibiya,
ta zuƙi jinin da bai cika cokali ba.
Janareta na tari.
Isiyaku mai gwaji ya cije tocila.

"Tsamin jinin nake aunawa, Inna.
In numfashi ya yanke wa yaro a hanya,
jini ba ya rufa asiri."

Kaka ta gyaɗa kai.
Shekara arba'in tana tallan nono,
ta san abin da ya kwana.

Lamba ta fito.
Kafin Isiyaku ya buɗe baki,
sai ga 'yar atishawa
daga cikin zane.