Molon Kawu Sallau

A Garwa, bayan kasuwar kifi,
Kawu Sallau ke sassaƙa molo.
Maɗaci yake so, wanda ya shekara uku a inuwa.
Ya ce icen da ya bushe da gaggawa
da gaggawa yake tsagewa.

Ganyen ɓaure ne abin gugarsa.
Sai man kaɗe, ya lakato kaɗan a yatsa,
ya murza, ya jingine, ya tafi masallaci.
Gobe ya sake, jibi ya sake,
har ice ya yi ja kamar tautaunan goro.

Ni kuwa na dawo daga Duwala da gwangwanin barnis.
Da ya tafi ta'aziyya Marwa, kwana huɗu,
na sauko da molonsa na kansa,
na yi masa shafi uku.
Ƙyalli har ina ganin haƙorana,
ga ƙudaje biyu sun maƙale a gefe.

Ya dawo, ya shinshina, bai ce uffan ba.
Ya ɗaure tsirkiya, ya taɓa sau ɗaya.
Murya ta fito irin ta mai mura
da ke magana daga cikin bargo.
"Ka toshe masa hanci," in ji shi.

Yau kwana tara ina kankarewa da fasasshiyar kwalba,
yatsuna duk yanka.
Can ƙarƙashi na iske wani baƙin gurbi
inda hannunsa ya shekara talatin yana kwana.
Nan na dakata.

Bai ko dube ni ba,
ya turo mini kaskon mai da ƙafa.