Gwangwanin da Ke Cikin Gilashi

Ran Talata na kai Baba ganuwar bakin teku,
wadda yake hange ta tagarsa a Kalkara shekara tamanin
bai taɓa yankar tikitin shiga ba.
Ya ce, "In biya kuɗi in ga abin da ya hana ni barci?"
Amma ya sa farar rigarsa, ya taje gashi da ruwa.

Matakala arba'in da ɗaya, ya ƙirga su da sanda.
Dutse ruwan zuma, ya lotsa a tsakiya
don yawan ƙafafun da suka hau da gudu.
A sama igwa goma sha biyu sun buɗe wa ruwa baki,
tsatsa ta cinye leɓɓansu,
wani yaro ya cusa takardar alewa a maƙogwaron ɗaya.
Can ƙasa jirgin 'yan yawon buɗe ido, ya fi cocinmu tsawo,
yana shigowa tasha,
ba mai tambayarsa daga ina, da wace niyya.

Mai yi mana jagora yarinya ce, Marvic,
tana jero shekaru kamar mai karanta takardar bashi:
wane ya kewaye Malta, wane ya kore shi,
wane ya dawo ta sama.
Sulke, kwalkwali, takubba a jere,
lambobin girma kwance kan ƙyalle ja,
taswira mai kibau da yawa.
Baba ya wuce su duka
wucewar mai azumi a layin masu tuya.

A ɗaki na uku sandarsa ta tsaya.

Gwangwani ne kawai, a lotse, da mariƙin waya.
Takardar ƙasansa ta ce: kwanon abincin soja.
Ya duƙa har numfashinsa ya dusashe gilashin.
"Ba na soja ba ne.
Na soja yana da murfi.
Wannan na madara ne, uwa ce ta huda shi da ƙusa,
ta murɗa waya da haƙori,
ta ba ɗanta ya bi layin miya.
Dubi yadda ta lanƙwasa bakin don kar ya yanki yatsa."

Marvic ta yi shiru. Baƙin ma suka yi shiru.

"Nawa irinsa ne. Na Ċensa ya fi girma kaɗan.
Jiniya ta yi kuka, kowa ya ruga rami.
Ita ce ta huɗu a layi.
Tun asuba take tsaye.
Ba ta so ta rasa wurinta."

Iyakar abin da ya faɗa ke nan.

Shekarata hamsin da uku.
Na san Ċensa suna ce da ake karantawa a coci kowane Afrilu,
ban san tana da ƙafafu masu gajiya ba,
ban san tana da gwangwani ba.

Marvic ta zaro biro, hannunta na rawa,
ta ce za ta gaya wa manya a gyara rubutun.
Baba ya ɗaga hannu.
"Bar shi, 'yata. Sojan ma da yunwa ya kwana."

Muna fitowa sha biyu ta buga.
Aka tashi igwa ɗaya don nishaɗin baƙi,
albarushi ba harsashi,
tattabaru suka watse, mutane suka tafa.
Yatsunsa suka nutse a wuyan hannuna,
yatsun ɗan shekara takwas.
Bai sake ni ba sai da hayaƙin ya haye ruwa.

A gindin ganuwa akwai mai sayar da burodi
da tumatir da man zaitun.
Ya ce in sayo biyu.
Ya cinye nasa yana kallon kwalekwalen masunta,
ya lashi yatsa, ya tsince ɓurɓushin da ke kan gwiwarsa
ɗaya bayan ɗaya.
Na biyun ya naɗe shi a hankici,
bai ce na wane ne ba,
ni ma ban tambaya ba.