Abin da Babu a Tuwo

Ni ne mai gadin majema, can bayan Birni,
inda warin fata ke riga ladan tashi.
Shekara tara ina kwana kan buhu,
tocila a dama, Bar-su a hagu.

Bar-su karya ce ja, kunne guda a tsage.
Ta haifi bakwai bayan tulin bagaruwa,
bakwai, ba su da aiki sai tsotso,
suna ja kamar masu ɗiban rijiya a bazara.

Ban hana ta komai ba, Allah shaida.
Ƙanzon tuwon hatsi daga tukunyar Gaptiya,
ruwan tsari,
tsokar da wuƙa ke kartowa a bayan fata,
ran Alhamis har huhu daga kasuwar Dole.
Ciki ya cika. Na ce ai shi ke nan.

Daren sha tara da haihuwa
na ji haki, ba kuwa na gudu ba.
Na haska.
Tana tsaye kamar an kafa ta,
ƙafafu huɗu sun sandare,
naman cinya na ɓari, haɓa na kaɗawa,
jiki zau, kamar duwatsun Birni da azahar.
Ta dube ni, ba ta shaida ni ba.
Sai ta kife.

Kalla majemi ya ce hauka ce, a kawo sanda.
Yaronsa ya ce guba ce, ɓarayi na tafe.
Ƴan kabu-kabu biyu suka ƙi ni:
wa zai goya kare da asuba?
Na shimfiɗa buhuna a baro,
na tura.
Ƙafar baro na kuka, ni ina salati.

Likita Kanta ya fito da asuwaki a baki.
Bai tambayi kuɗi ba, ya tambayi ƴaƴa.
Nawa? Bakwai. Me take ci? Na lissafa,
da ɗan alfaharina.
Ya sa allura a jijiya, sannu,
sannu ƙwarai,
hannu guda yana sauraron zuciyarta.
Kafin rana ta hau katanga
ɓarin ya lafa. Ta lashi hanci.
Ta nemi hannuna.

Ya ce, "Kalsiyam sunansa.
Shi ne simintin ƙashi, da shi ake haɗa nono.
Bakwai na kwasa dare da rana,
tuwo bai mayarwa, tsoka ba ta mayarwa.
Jiki ya yi ta rance wajen ƙashi,
ran da rancen ya makara, jini ya wayi gari fayau.
Ka ƙosar da ita, Baba.
Ciyarwa dabam."

Maganar ta zauna mini a wuya.

"Raba ta da su yini da kwana, ka koya musu kunu.
Ɓawon ƙwai, a gasa, a dake lilis,
ɗan kaɗan bisa abinci, kar ka zuba son rai.
Ƙananan kifi busassu, da ƙayarsu.
Kindirmo in ka samu.
Dafaffen ƙashi kuwa, kul, tsagewa yake a hanji."

Jaka uku. Kalla ne ya ranta,
shi mai sandar.

Yanzu da hantsi ina bin teburan masu shayi
daga Birni har Zango, da leda a hannu.
Suna dariya: tsoho ya fara bokanci.
Gaptiya ta hana ni turminta,
a kan dutse nake niƙa,
farin gari kamar alli a tafin hannu.

Jiya ina niƙa ta leƙo, ta yi mini dariya,
na ga bakinta sosai, karon farko cikin shekaru.
Goyo takwas ta yi mini.
Na ƙirga abin da ya rage na haƙora,
ban kai ƙarshen yatsun hannu biyu ba.

Yau ƙwaryar nono biyu na saya.
Guda na aje bayan tulin bagaruwa.
Gudar na kai gida,
na ce mata araha na tarar.