Manhajarku Ta Sake Mini Suna

Didam, barka da dare.
Ɗalhatu ne daga Unguwar Dosa,
wanda manhajarku ta sake wa suna
ba rago, ba goro, ba liman:
alamar tambaya a gaba, alhatu na biye.

Ba ƙorafi na kawo ba.
Na san ba mai biyan ka ko sisi.
Kana tashi daga banki a gajiye,
ka haye gada zuwa Narayi cikin cunkoso,
ka ci tuwo a tsaye,
sannan ka zauna kana ɗinka mana lambobi,
mu da muke koyon rubuta manhaja da dare.
Amma wanda ya ga tsaga a katangar maƙwabci ya yi shiru,
damina za ta faɗa a madadinsa.

Ga yadda za ka kama ƙwaron da hannunka.
Shiga wurin rajista.
Rubuta suna mai lanƙwasa a ka,
Ɗalhatu, ko Ƙasimu, ko wani nasu.
Danna koren maɓalli.
Harafin farko zai fita da hularsa,
ya dawo maka da tambaya.
Sau bakwai na gwada, a kwamfutata ta gwanjo
da wayar ƙanwata mai fasasshen gilashi.
Sau bakwai ana tambaya ta ko ni wane ne.

Na biyun ya fi muni.
Sunan mahaifina Nafi'u.
Wannan ɗan ɗigon da ke rataye tsakanin i da u,
wanda bai kai ƙwayar gero ba,
shi ya kayar da gidan gaba ɗaya.
Allo ya yi fari fat,
kamar an watsa masa farar ƙasa.
Tsohon da ya yi shekara talatin a masaƙar Kakuri
bai taɓa tsinka zare da gangan ba,
yau sunansa ya tsinke muku komai.

Tun da na buɗe baki, bari in ƙarasa.
Ku sa abin da muke rubutawa ya riƙa ajiye kansa.
Shekaranjiya layi tamanin na jera,
saura ƙiris su yi tafiya,
aka ɗauke wuta,
batirina kuwa ya daɗe da rasuwa.
Hotunan nan masu motsi kuma, ku rage su.
Datar ɗari biyar ce, da ita zan kai Juma'a.

Na aika. Na kwanta.
Sauro na nasa rahoton a kunnena.

Da asuba amsarka ta iso, gajeriya:
Na gani. Laifina ne. Ƙofa a buɗe take,
zo ka gyara da kanka, zan duba.

Ni?
Ni da wata huɗu kacal da sanin inda ake rufe baka?

Kwana uku ina bin sawunsa layi-layi,
kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa.
Na same shi a layi na ɗari biyu da sha biyu,
zaune abinsa, ko kunya babu.
Na gyara. Ɗ ta miƙe da hularta.
Nafi'u ya shiga, gida bai faɗi ba.
Na yi ihun da ya tashi akuyar maƙwabta.

Sai ga saƙonka da la'asar:
garin neman gira mun taɓa ido,
yanzu duk mai suna da D ya koma Ɗ,
har ni.

To, Ɗidam, yi haƙuri.
Kwana ɗaya ka ɗana abin da na sha wata guda.
Rubuto mini rahoto, mataki-mataki.
An kawo wuta, ina zaune.